Makon lafiya a firamare: a fara da jarkar ruwa kafin a gayyaci manyan baƙi

Makarantun firamare da dama, na gwamnati da na kuɗi, sun fara ware mako guda a shekara domin lafiya da walwalar yara. Abu ne mai kyau, ya kuma dace da manufar kula da lafiya a makarantu wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar tun 2006. Abin da ke damuna shi ne yadda ake tafiyar da makon. A kafa rumfa, a yi hayar kujeru da lasifika, a jera yara cikin rana tun ƙarfe tara suna jiran babban baƙo, 'yan aji biyar su yi wasan kwaikwayo kan wanke hannu, a tafa, a watse. Yaron da ya fito a wasan yana komawa aji ya tarar babu ruwa, babu sabulu, masai kuma a kulle, makulli na aljihun malami.

A ganina ba ranar rufe biki ake gane ko makon ya yi amfani ba, sai Litinin ɗin da ta biyo baya. Akwai ruwa a ƙofar aji? Akwai takarda mai ɗauke da sunayen yaran da aka gano suna da matsala, da inda aka tura kowanne? In babu waɗannan biyun, an yi asarar kwana biyar na karatu.

Ruwa ne farko, kuma da lissafi ake fara shi. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 domin makarantu masu ƙaramin ƙarfi ta ce makarantar jeka-ka-dawo na bukatar lita 5 ga kowane mutum a rana, na sha da wanke hannu, ban da na tsarki. Makaranta mai yara 600 ke nan tana bukatar lita 3,000, wato jarka 120 mai cin lita 25, ko kura goma ta 'yan garuwa idan kowace na ɗaukar jarka goma sha biyu. Hedimasta da ya yi wannan lissafin zai gane cewa sayen ruwa ba hanya ba ce mai ɗorewa. Saboda haka babban aikin kwamitin SBMC, wato kwamitin iyaye da al'umma mai kula da makaranta, a makon shi ne gyaran famfon tuƙa-tuƙan da ya mutu a harabar makaranta. Sau da yawa ba wata babbar ɓarna ba ce, robar cikinsa ce ta cinye ko sandar ta kwance, kuma kuɗin gyaran bai kai na rumfa da kujeru ba.

Wurin wanke hannu kuwa yara da kansu za su iya haɗa shi a darasi ɗaya. A samo galan mai cin lita biyar, a ɗora ƙusa a wuta ta yi zafi, a huda shi huda ɗaya ƙarama a ƙasa da bakinsa kaɗan. A kafa gwafa biyu, a gitta sanda ta cikin hannun galan ɗin ya rataya. A ɗaure igiya a wuyansa, a saukar da ita zuwa wata sanda da ke kwance a ƙasa. Yaro na taka sandar, galan ya karkata, ruwa ya zubo siriri, hannunsa bai taɓa komai ba. A ƙasa a haƙa ɗan rami a cika shi da tsakuwa don kada wurin ya zama taɓo. Abubuwan da ke kashe shi sanannu ne. In huda ta yi girma, ruwan ba zai kai tara ba. In an ƙulle murfi tam, iska ba ta shiga, ruwa ya ƙi fita, don haka a ɗan sassauta shi. Gara na cin gindin gwafa, sai a babbake gindin kafin a binne. Rana na fasa roba, a kafa shi a inuwa. Sannan a lura da tsawo, domin abin da ya yi wa ɗan aji shida daidai ya fi ƙarfin ɗan aji ɗaya.

Sabulun gula ba ya kwana a makaranta. Ko ya narke, ko akuya ta ci, ko a tafi da shi gida. Mafita ita ce ruwan omo: gram 30 na garin omo a gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, a huda murfin, a rataye ta kusa da galan. Yaro ya cuɗa hannu na daƙiƙa ashirin aƙalla, har da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, bayan ya fito daga bayi da kuma kafin ya ci abinci. Ruwan sha kuma a daina zuba shi a randa da moɗa ɗaya da kowa ke tsoma hannu. Bokiti mai murfi da famfo a gindi ya fi, kowane yaro da gorarsa. Idan an sa maganin tsaftace ruwa, a bi ma'aunin da ke jikin kwalbar, a jira rabin awa kafin a sha.

Kan masai ba sai an ja magana ba. Waccan ƙa'idar ta ce ɗaya ga 'yan mata 25, ɗaya da wurin fitsari ga maza 50, kuma 'yan makarantun gwamnati kaɗan ne za su kai haka nan kusa. Abin da za a iya yi cikin mako shi ne a buɗe waɗanda ake da su, a sa musu ƙofa da sakata da murfi da buta, a raba na mata da na maza, a tsara jadawalin wanki. A kuma naɗa malama ɗaya da 'yan matan aji biyar da shida za su iya zuwa wurinta, da audugar mata a ajiye, domin wasunsu a wannan shekarun suke fara al'ada, kuma yarinyar da jini ya ɓata wa siket a gaban aji takan ɗauke ƙafa daga makaranta kwanaki.

Ranar da ta fi bukatar shiri ita ce ta maganin tsutsar ciki da tsargiya, kuma nan ake yawan yin kuskure. Ba a sayen maganin a kemis. Ta hannun sashen lafiya na ƙaramar hukuma yake zuwa kyauta, a ƙarƙashin shirin gwamnati, don haka tun makonni kafin lokaci ake rubuta musu a daidaita rana, a kuma nemi ma'aikacin lafiya ya kasance a wurin. Na tsutsa ƙwaya ɗaya ce, albendazol mai miligram 400 ko mebendazol mai 500, taunawa ake yi. Na tsargiya, firazikwantel, da tsawon yaro ake auna shi a jikin sanda mai alama: santimita 94 zuwa 109 ƙwaya ɗaya, 110 zuwa 124 ɗaya da rabi, 125 zuwa 137 biyu, haka har sama. Yaro ya cire takalmi da hula, ya tsaya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, bayansa a jikin sandar. Wanda bai kai 94 ba, ba a ba shi.

Firazikwantel ba ya son cikin da babu komai. Yaron da ya sha shi da yunwa yakan yi jiri, ciwon ciki ko amai, musamman wanda tsutsar ta yi wa yawa. Yara uku su yi amai a aji ɗaya, kafin azahar labari ya cika unguwa cewa an ba yara guba, iyaye su yo ca a ƙofar makaranta. Kada a raina wannan tsoron. Mutanen da suka san abin da ya faru da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara masu sanƙarau a Kano a 1996, suka kuma ga dakatar da riga-kafin shan inna a 2003, suna da dalilin yin tambaya. Maganin abin shi ne a riga jita-jita isa gida. A zauna da mai unguwa da limamai da iyaye mata mako guda kafin ranar, a nuna musu ƙwayar da kwalinta, a faɗa musu ƙarara cewa wasu yara za su ji jiri na ɗan lokaci kuma zai wuce. A tabbatar kowane yaro ya ci wani abu, ko koko da ƙosai ne, kafin ya haɗiya. A ba da maganin da safe, a riƙe yara a makaranta awa biyu ana lura da su. Mara lafiya a ranar a ɗage masa, mai farfaɗiya kuma a bar wa ma'aikacin lafiya ya yanke hukunci. Iyayen da suka ce a'a, a ƙyale ɗansu ba tare da gori ba, a sake komawa wurinsu da bayani.

A garuruwan da ke kusa da madatsun ruwa da gonakin rani, irin su Kura da Kadawa da kewayen Tiga da Bakolori da Goronyo, a ƙara da tambaya ɗaya da malami namiji zai yi wa yara maza a keɓe: kana ganin jini a ƙarshen fitsarinka? Har yanzu akwai masu ɗaukar wannan alamar balaga. Tsargiya ce, daga wanka a kududdufi da magudanar ruwa take shiga, kuma tana shan jinin yaro har ya riƙa gyangyaɗi a aji.

Gwajin ido ba ya cin ko sisi bayan allon. A samo allon gwaji mai harafin E, a rataye shi daidai idon yaro a wuri mai haske wanda rana ba ta dallare shi ba, a auna mita 6 da igiya, a ja layi a ƙasa. Yaro ya rufe ido ɗaya da kwali ba tare da ya danna ba, ya nuna da yatsu inda ƙafafun harafin suka fuskanta, sannan a juya ɗaya idon. Sauran yara su jira a nesa, don in sun tsaya kusa za su haddace amsa. Wanda ya kasa layin da aka rubuta 6/12 a gefensa, ko da da ido ɗaya ne, a rubuta sunansa, a mayar da shi benci na gaba a ranar, a aika wa iyayensa takarda. Da yawa daga yaran da ake kira daƙiƙai allo ne kawai ba sa gani. A wannan zaman a duba kunne mai fitar da mugunya, da ƙazuwa a tsakanin yatsu, da ƙwarƙwata, amma a bayan labule, ba a filin taro ba. A kuma nemi iyaye su aiko da katin riga-kafi, domin ɓarkewar mashaƙo da ta taso a ƙarshen 2022, wadda ta fi tsananta a Kano, yaran da ba su kammala allura ba ta fi kamawa.

Walwala ba a jiki kaɗai take ba. Yaron da ke tsoron bulala, ko wanda manyan yara ke ƙwace wa kuɗin tara, ko wanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyensu ya zauna a bayan aji ba ya magana, wasan kwaikwayo ba zai taɓa shi ba. Ina ganin ya kamata malamai su amince su ajiye bulala a makon gaba ɗaya, su gwada wasu hanyoyin horo, su zauna ranar Juma'a su faɗa wa juna gaskiyar abin da suka gani. A buɗe fili ga langa da carafke da gaɗa da tsallen igiya, a yi su da sanyin safiya. Masu sikila a san su da suna tun kafin a hura usur: a bar su su sha ruwa duk lokacin da suka so, kada a tilasta musu gudu.

Za a ce malamin da ke fama da yara sama da ɗari a aji ba shi da lokacin wannan duka. Gaskiya ne, shi ya sa ba a ɗora masa shi kaɗai ba. Iyaye biyu daga SBMC a kowane aji, da manyan ɗalibai masu cika galan, sun isa su rage nauyin. Kada kuma a yanka wa yara kuɗi, domin dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatun firamare a makarantar gwamnati kyauta ne, kuma yaron da ya fi bukatar makon shi ne zai fara zama a gida in an ce a kawo ɗari biyu. Wajen sa rana a kauce wa azumi da makon jarrabawa da ranar kasuwar gari. A ƙauye a kauce wa lokacin girbi ma.

Duk abin da aka gano ya shiga littafi ɗaya mai layi shida: suna, aji, matsala, inda aka tura, ranar da aka sanar da iyaye, da abin da ya biyo baya. Layin ƙarshen ne ake bari fanko. Hedimasta ya sa rana, mako biyu bayan biki, ya ɗauko littafin ya bi suna-suna. Wanda aka kai asibiti a rubuta abin da aka ce. Wanda ba a kai ba, ɗan kwamiti ya taka har gida ya ji dalili, ko kuɗin mota ne, ko na tabarau, ko takardar ce ba ta fita daga jakar yaron ba.