Shagon da aka gina wa tela bai dace da gas ba

Duk wanda ya zaga Sabon Gari, Samaru ko Tudun Wada a Zariya ya san irin shagunan nan. Ɗaki ɗaya, ƙofar ƙarfe ɗaya, babu taga, an jibge tukwanen gas ko jarkokin maganin feshi har rufi. Ga mai shayi da murhunsa a gefe, ga mai walda a gaba. Asali don tela ko mai atamfa aka gina shagon. Da sana'a ta canza, ba wanda ya sake waiwayar ginin.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. Idan tukunya ta yi yoyo ba sama yake tashi ba, ƙasa yake kwanciya, ya bi kwata ya taru. Shi ya sa ma'ajiyarsa ke buƙatar kafofin iska a gindin bango. Makunnin lantarki irin na gida yana fitar da ɗan tartsatsi, kuma shi kaɗai ya isa ya tayar da wuta, don haka a waje ya kamata a sa shi. Ƙofa biyu ake so, masu buɗewa waje. Rufi kuwa marar nauyi, bango mai ƙarfi, ta yadda in abu ya fashe ƙarfinsa zai fice ta sama maimakon ya ture bango kan maƙwabta. Mu kuwa dakin, wato rufin kankare, ake zubawa a kai, a ɗora ɗakunan haya, yara na barci a sama. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali.

A Janairun 2020 gas ya fashe a Sabon Tasha da ke Kaduna, cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. A Janairun 2024 nakiyar masu haƙar ma'adinai da aka ajiye cikin gidan zama ta rushe gidaje a Bodija da ke Ibadan.

Ba na goyon bayan a tashi masu gas da katafila kawai. Talakawa ne masu neman halal, kuma in aka kore su lungu za su koma, inda haɗarin ya fi. A ware musu fili mai sarari a kowace unguwa. Ya kamata KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, ta ɗauki canza sana'ar shago a matsayin abin da ke buƙatar sabon izini, NMDPRA kuma, hukumar da ke kula da harkar rarraba man fetur da gas, ta ga ginin da idonta kafin ta ba da lasisi. Zariya na da sashen zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello, ga NARICT, cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, a Basawa. Su fitar da zane guda mai sauƙin kuɗi, da bayani cikin Hausa, wanda kowane magini zai iya bi.