Inji ba alƙali ba ne

To kun gani ko? Bidiyon nan da na ɗora jiya ina bayanin sashe na 17 na dokar haƙƙin mallaka ta Tarayyar Turai, wanda ya ɗora wa dandalin intanet alhakin abin da mutane ke ɗorawa, kafin in gama shan shayi injin dandalin ya toshe shi. Laifina daƙiƙa 12 na wata waƙa da na saka a matsayin misali. Wato darasi kan dokar haƙƙin mallaka, dokar haƙƙin mallaka ta cinye shi. Madalla, Allah ya ƙara basira.

Shekara biyu ina karatun dokar nan a Turai, kuma abin da nake ta faɗa kenan, inji ba alƙali ba ne. A Maris 2019 majalisar Tarayyar Turai ta amince da dokar, ƙuri'a 348 da 274, lokacin ana kiran sashen nan sashe na 13, matasa suka cika titunan Jamus suna ihu cewa tacewa za a yi, wato na'ura ta riƙa duba abin da aka ɗora tana toshewa, har Wikipedia ta Jamusanci ta rufe shafinta kwana guda, aka ce musu ai babu kalmar tacewa a cikin dokar. Gaskiya ne babu. Amma in ka ce wa dandali shi zai ɗauki alhakin duk abin da miliyoyin mutane suka ɗora, da me zai duba? Da ido?

Abin haushin ma dokar da kanta ta ce a bar mai kawo misali, da mai sharhi, da mai kwaikwayon barkwanci. A rubuce yake. Polan ta kai ƙara kotun Tarayyar a Luksamburg, a Afrilu 2022 kotu ta kori ƙarar amma ta ce kada na'ura ta toshe abin da yake halal. To na'urar ta ji? Ita sauti kawai take gwadawa da sauti, ba ta san malami ba, ba ta san ɓarawo ba.

Kar wanda ya zo min da "ka shigar da ƙorafi mana". Na shigar. Kafin ɗan'adam ya duba, jarrabawar da na yi bidiyon dominta ta wuce. Masu cewa mawaƙa su ci guminsu kuma, wa ya hana? Wallahi ina tausayin mawaƙin da ake kwasar aikinsa a banza, da gaske nake. Amma ni aka kama da daƙiƙa 12, alhali sashe na 4 na wannan dokar dai ya ba kamfanoni damar su sa kwamfuta ta haɗiye rubutun mutane sai in mai shi ya fito ya ce bai yarda ba. Kura ta wuce da akuya, an tare mai ɗauke da igiya.