Takunkumin Yamai, wahalar Maigatari

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari, da ke Jigawa a bakin iyakar Nijar, ranar Alhamis ya san ba ta Najeriya kaɗai ba ce. Shanu, tumaki da raƙuma suna shigowa daga wajen Damagaram, hatsi da kayan masarufi suna haurawa. Dillali yana ciniki da naira da sefa a zama ɗaya, wataƙila ma mai raƙumin surukinsa ne.

Ranar 26 ga Yuli, 2023 sojoji suka hamɓarar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum a Yamai. Cikin 'yan kwanaki ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke mata wutar lantarki. An ce don a tilasta wa sojojin su sauka ne. Jagoransu, Janar Tchiani, bai sauka ba. Waɗanda suka ji a jikinsu su ne direban da motarsa ta yi makonni a bakin iyaka kaya na lalacewa, da ɗan dako, da mai tuwo-tuwon da ke jiran ranar kasuwa. Kuma duk wannan ya zo ne wata biyu kacal bayan cire tallafin man fetur, lokacin da kuɗin mota ya riga ya gagari talaka.

Ba na goyon bayan juyin mulki, ko kusa. Abin da nake ƙi shi ne wannan ɗabi'a ta manyan duniya, ta mayar da abinci, wuta da hanya makamin siyasa. Mun ga irinta a 2022: Rasha ta shiga Yukiren, ƙasashen Yamma suka sa mata takunkumi, farashin takin zamani ya yi tashin gwauron zabi, manomin shinkafa a Kura da Haɗeja ya rage buhunan da yake zubawa a gonarsa.

Me aka samu a Nijar? A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, alhali Nijar, Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar da ficewarsu daga ECOWAS, sun kuma ƙara kusantar Rasha.

Tun a Agustan 2023 sanatocin Arewa suka ƙi amincewa da yaƙin da ECOWAS ta yi barazanar yi da Nijar, malamai suka je Yamai neman sulhu, domin sun san wa zai biya. Gwamnatin Jigawa da 'yan majalisarmu ya kamata su nace cewa kafin a sake taɓa wannan iyaka, sai an zauna da shugabannin kasuwar Maigatari da ta Dawanau an ji ta bakinsu.