Masu sayar da rigar hawan igiyar ruwa, ku ji tsoron Allah

Haba! Sai yaushe masu sayar da kayan teku a intanet za su daina cin kuɗin mutane a banza? Duk mai hawan igiyar ruwa a kan allo a Dakar ya san daga Janairu zuwa Afrilu ruwan teku a gaɓar Yoff da Ngor sanyi yake yi sosai, don iskar arewa na kore ruwan saman teku mai ɗumi, na ƙasa ya taso. Amma kafin sanyin ya kankama, da kuma lokacin da yake ja da baya, ruwan kan tsaya wajen digiri 21 zuwa 23. A nan guntuwar rigar roba mai kaurin milimita 2, wadda ta tsaya a cinya da damtse, ta ishi namiji. Ita na nema, na biya, aka aiko mini da abin takaici.

Rigar nan ba ta ado ba ce. Robar da ake yin ta da ita, wato niyofirin, cike take da ƙananan kumfa masu riƙe ɗumi, kuma ɗan ruwan da ya shiga tsakaninta da fata jiki ne ke ɗumama shi. Sai ta kama jiki tsam take aiki. In wuya ko hannu ya yi sako-sako, duk igiyar da ta buge ka sabon ruwan sanyi zai kwarara ciki, ka fito haƙora na kaɗawa.

To ni dogo ne siriri. Manyan kamfanoni irin su O'Neill da Rip Curl suna da lambar MT, wato matsakaicin jiki mai tsawo, saboda masu irin jikina. Na tambayi mai shagon awon ƙirji da tsawo, ya ce in ɗauki L kawai, "tana buɗewa". Wallahi da na saka ta kamar an zura sanda a buhu. A bayana duk ruwa ne ke taruwa, ga shi ta ɗaure ni a kafaɗa, alhali mai hawan igiya rabin aikinsa tuƙi ne da hannu a kan allo. Ɗinkin hammata kuwa kauri gare shi, ya goge mini fata har ta yi ja, gishiri na shiga. Robar ma mai tauri ce irin ta masu nutso, ba mai laushin da ake yi wa masu hawan igiya ba, amma a hoton tallar ga mutum tsaye a kan allo. Wannan ba yaudara ba ce?

Da na nemi canji sai aka ce kayan da ya taɓa ruwa ba ya komawa. Rigar ruwa fa! A ina zan gane tana ɗibar ruwa in ba a teku ba?

Ku rubuta awon ƙirji, ƙugu da tsawo da santimita. Ku faɗi kaurin robar da irin ɗinkin, ku faɗi ko zif ɗin a baya yake ko a ƙirji. Ni kuma ku karɓi kayanku ku mayar mini da kuɗina.