'Yan Amshi 72,000

(Teburin mai shayi, bayan isha'i. Ɗan Boko ya jingina wayarsa da gwangwanin madara, sai gyaɗa kai yake yi.)

Alhaji Bakano: Kai yaro, rage mana hayaniyar nan. Ƙwallo ake yi ko gobara?

Ɗan Boko: Wasan Queen ne, Alhaji, wata ƙungiyar mawaƙan Ingila, a filin Wembley na Landan, 13 ga Yuli 1985. Mutum 72,000 ne ke wannan ihun.

Alhaji: To ina waƙar? Ni dai ihu nake ji.

Ɗan Boko: Ai ihun ake nema. Ta situdiyo an gyare ta tsaf, babu ko tari. Wannan kuwa har hakin babban mawaƙinsu, Freddie Mercury, za ka ji.

Mai Shayi: Alhaji, tun kafin azumi waƙar nan guda ɗaya yake kunna mana.

Ɗan Boko: Ba ɗaya ba ce! Ta jiya ta Montreal ce, 1981. Ta shekaranjiya ta Budapest, 1986, inda Freddie ya rubuta baitocin wata waƙar gargajiyar Hangare a tafin hannu yana leƙawa. Wembley ta 1986 ma dare biyu aka yi, kuma daren Juma'a ruwa ya yi wa jama'a dukan tsiya.

Alhaji: Mawaƙan fa?

Ɗan Boko: Su huɗun ne dai.

Alhaji: Waƙoƙin?

Ɗan Boko: To... yawanci su ne.

Alhaji: Kuma kowacce data ka saya ka sauke?

Ɗan Boko: Ƙwarai.

Alhaji: Tuwo ɗaya ake ɗumama maka kullum kana biyan kuɗin sabo. Allah ya kawo mini mai saye irinka Kantin Kwari. Turawan nan sun iya kasuwa!

Ɗan Boko: Shi Freddie ma a Zanzibar aka haife shi, 1946.

Alhaji: Wannan mai gashin bakin? An tara jama'a haka, ya fito da singileti? Dubi sandar makirfon ɗinsa ma guntuwa ce. Nawa aka sallame su?

Ɗan Boko: Ko sisi. Live Aid ake ce wa taron, gudummawa aka tara saboda yunwar da aka yi a Habasha. Wajen minti 20 kawai suka yi a dandamali, har yau maganar ake.

Mai Shayi: Ba kai ka ce mai jitar da sisi yake kaɗa ta ba?

Ɗan Boko: Brian May? Nasa ne, daga gida ya zo da shi. Jitar ma shi da babansa suka haɗa da katakon tsohon murhun ɗumama ɗaki.

Alhaji: Bai sayi komai ba ke nan? A bincika, yaron nan yana da dangi a Kurmi.

Ɗan Boko: Tsaya, Alhaji, ga wurin ya zo. An tsai da kiɗa. Ji yadda yake jan murya shi kaɗai, filin duka yana mayar masa.

Alhaji: Ikon Allah. Mawaƙanmu 'yan amshi biyar suke ɗauka, rabon kuɗi ya zama faɗa. Wa ke ciyar da waɗannan?

Ɗan Boko: Ai su suka biya kuɗin shiga.

Alhaji: Ɗan amshi ya biya? Ya yi amshi, ya tafa, ya koma gida da kuɗin motarsa?

Ɗan Boko: Yana ma godiya.

(Alhaji ya ajiye kofi, ya jawo benci.)

Alhaji: Mayar mini baya kaɗan. Daren da aka yi ruwan nan kuma, wa ya sami kwangilar lema?

Ɗan Boko: Kash! Caji ya ƙare.

Mai Shayi: Caji ɗari biyu ne.

Alhaji: Jona masa maza. Ka rubuta a littafin bashinsa.