Ɗana ba ɗan ruwa ba ne, kuma ba zan bar shi a gida ba

Waɗanda suka je kamun ranar Asabar sun ga abin da aka yi wa ɗana mai lalurar ƙwaƙwalwa da idonsu, sauran kuma na san labari ya riga mu isowa gida, ba sai na maimaita ba. Magana ɗaya ce: duk bikin da aka gayyace ni, da ɗana zan zo. Wadda ba ta son ganinsa ta riƙe katinta.

Wai "da kin bar shi a gida, kin ga masu ciki sun yi yawa a wurin." Sannu likita! Ashe lalurar ƙwaƙwalwa ta koma mura, har da kallo ake ɗauka. Sai wata ta karɓe, wai irin waɗannan 'yan ruwa ne, a garinsu bakin kogi ake ajiye su a juya baya, su rikiɗe maciji su shige. Tana faɗa tana taunar cincin, a gabansa. Yaro ɗan shekara 4 da ke ƙyalƙyala dariya in ya hango babansa a zaure, shi ne macijin.

To tunda kowa ya zama masani, ga abin da ya sami ɗana. Ciwon shawara ne. Lafiya lau na haife shi, ya yi kuka, ya kama nono. Kwana 3 idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Na ce a tafi asibiti, aka ce ba a fita da jariri kafin suna, a riƙa shanya shi a hantsi, a ɗura masa ruwan gulukos. Kayansa kuwa a akwati suke, an zuba kafur saboda kyankyaso. Sai daga baya na ji cewa kafur ɗin nan yana farfasa jinin wasu jarirai, shawarar ta ƙara hawa. Ana gobe suna ya ƙi nono, yana banƙarewa, yana wani siririn kuka da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Aka yi masa canjin jini, aka kwantar da shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Likita ta ce da mun zo da wuri, da fitilar kaɗai ta wadatar. Abin ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Shawara ta kama shi, shawarar mutane ta ƙarasa. Kuma su ɗin dai ne yau suka zo da sabuwa: a ɓoye shi.

Ba zan ɓoye shi ba.

Tun jiya ake kirana, "ki yi haƙuri, Gwaggo tsohuwa ce, ba da mugun nufi ta faɗa ba." Na ji. Ranar da ta hana mu zuwa asibiti ma ba da mugun nufi ba ne. Wata kuma ta ce ƙaddara ce, in rungume ta. Ai na rungume, goye take a bayana kullum, har ƙuguna ya fara ciwo. A wane littafi aka ce ƙaddara a ɗaki ake kulle ta? Masu turo min lambar mai hayaƙi da mai cire aljanu, na gode, ku huta. Addu'a muna yi dare da rana, kuma Talata da Alhamis muna layin gashin ƙashi a asibiti, ɗaya bai hana ɗaya ba.

Ba ku san yadda gidanmu yake ba. Kofin kunu ɗaya sai mu yi kusan awa a kai, cokali-cokali, don kada ya sarƙe. Babansa ne ke yi masa wanka kafin ya tafi kasuwa, yana miƙe masa ƙafafu kamar yadda aka koya mana. Yayarsa mai shekara 7 ba ta rabo da hankici, tana goge masa miyau ba wanda ya sa ta. Ranar da ya fara zama shi kaɗai, muka ƙirga har goma bai faɗi ba, wallahi kuka muka yi ni da babansa kamar yara. Ranar Asabar ɗin nan yarinyar ta ji komai. A Keke ta tambaye ni, "Umma, da gaske ƙanina maciji ne?" Ku gaya min me zan ce mata.

Tun Janairun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, tarar naira 100,000 ko wata 6 a gidan yari. Ba kotu zan kai kowa ba, zumunci ya wuce nan, amma a sani. Ɗinkin ankon yini ma na kai, har da nasa, hula da komai. Mu haɗu a can.

Af, wadda ta tafi da jar kulata mai murfin ƙarfe daga wurin kamun, na san cikin hayaniya aka haɗa da kayan wasu. Da ita nake zuba masa kunu in za mu asibiti, ita kaɗai ke riƙe zafi har azahar. A taimaka a aiko da ita kafin Talata.