Na'urarsu ta kama ɗankwali, ta bar bindiga

Makon jiya muka taso da Hajiyarmu daga wani filin jirgi a nan Amurka, zan raka ta Abuja. A wajen bincike akwai wata rumfar gilashi da ake shiga, ka ware ƙafa ka ɗaga hannu sama, wani ƙarfe ya zagaye ka. Sai zanen mutum ya fito a allo, a ɗora tabo rawaya a duk inda na'urar take zargi. Na Hajiya ya fito a ka da ƙugu, wato ɗankwali da ɗaurin zani. Wata jami'a mai shuɗiyar safar hannu ta shiga lalube ta a bainar jama'a. Raina ya ɓaci, amma Hajiya ta ce, "Bar ta ɗan nan, aikinta take yi."

Na'urar nan ba bam take ganewa ba. Duk abin da ya yi tudu a jiki shi take nunawa, ko ninkin tufa ne ko kitso, har gumi yana ruɗa ta. A 2015 masu binciken gwamnatin Amurka suka yi shigar matafiya, suka gwada wucewa da makamai da bama-baman bogi sau 70. Sau 67 sun wuce lafiya lau.

Ban ce namu na gida ba shi da aibu ba, kun san buɗe jaka da jan rai. Amma can mutum ne yake dubanka, ya san zani, ya san tsohuwa. Duk da haka mu ake wa kallon 'yan baya.

Kuma har yau koren fasfo bai gama biyan bashin 2009 ba. A shekarar ce wani matashi ɗan Najeriya, Umar Faruk Abdulmutallab, ya bi ta binciken filin jirgin Amsterdam da abin fashewa a kamfai, ya hau jirgin Detroit ta Amurka. Wa ya ankarar da Amurkawa? Mahaifinsa, wanda ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin jakadancin Amurka a Abuja tun a Nuwamba. Ba su soke bizar yaron ba. Bayan an kama shi, a Janairun 2010 sai suka saka Najeriya cikin ƙasashe 14 da za a tsananta wa bincike. Uba ya danne soyayyar ɗansa ya kai ƙara, sakayyar da muka samu ke nan.